Zauren Tsohon Maigadi: Gora da tocila kawai anka ba ni, mi zan yi in sun zo?

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Saƙonnin wanga mako kusan duk kan gadin makaranta sunka zo, ba mamaki tunda yara sun koma kuma hankalin iyaye bai kwanta ba. Na zaɓo biyar, saura sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kamar kullum ban sa sunan kowa ba, ban sa sunan makaranta ba.

TAMBAYA: Baba barka da ƙoƙari. Ni matashi ne, wata biyu ke nan da na kama aikin sikiriti a wata makarantar kwana ta 'yan mata nan wajen gari. Mu huɗu ne, biyu rana biyu dare. Abin da anka ba mu yunifom ne da tocila guda da gora. Wanda muke dutin dare tare dattijo ne, da an yi isha'i sai ya shimfiɗa tabarma bakin get yace in ka ga wani abu tashe ni. Ni kuma wallahi Baba tsoro nake ji in zagaya bayan hostel ni kaɗai, gona ce a bayan katangar har iya ganinka. In 'yan bindiga sunka zo mi gora za ta yi min? Ko in aje aikin ne? Daga ɗanka a Sakkwato.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiya. Tsoron nan da kake ji kar ka ji kunyarsa, ni na yi shekaru ina wanga aiki a makarantar kwana kuma har na aje ban taɓa zagaya bayan katanga ƙarfe biyun dare ba tare da gabana ya ɗan faɗi ba. Maigadin da ya daina jin tsoro shi ne wanda ke shimfiɗa tabarma.

Gora ba za ta yi maka komai ba gaban mai bindiga, kuma duk wanda yace maka ka tare su da ita to bai ƙaunarka. Amma ka duba yadda hare-haren sace ɗalibai a makarantu sunka faru. Ƙanƙara a Disamba 2020 da dare sunka shiga, sunka kwashi yara maza sama da 300. Jangebe a Fabrairu 2021 tsakar dare ne, 'yan mata 279 anka sako daga baya. Nan gida Sakkwato, Gidan Bakuso cikin ƙaramar hukumar Gada, a Maris 2024 almajirai 15 anka ɗauka cikin dare. Birnin Yauri kuwa a Yuni 2021 da rana tsaka ne, saboda haka kar masu dutin rana su ɗauka su sun tsira. A Ƙanƙara yara da yawa sun kuɓuta ne don sun ji harbi sun haura katanga sun shige daji kafin a kai gare su. Ka ga abin da ya cece su 'yan mintuna ne. To mintunan nan su ne aikinka. Kai ne za ka riga kowa gani, ka riga kowa ji, ka tada makaranta, ka kira waɗanda ke da bindiga. In ka samo wa yaran nan minti goma ka gama naka.

Kuma minti goman nan da rana ake nemanta. Gobe in ka tashi duti kar ka wuce gida kai tsaye, bi katangar nan da ƙafa ta ciki sannan ka fita ka bi ta waje, a hankali kamar mai neman kuɗin da ya yar. Duba inda bulo ya zube, inda ruwa ya ci gindin katanga ya yi rami, inda reshen dogon yaro ya sauko ciki, inda anka jera duwatsu ko bulo uku huɗu jikin bango, wannan matakala ce, wani na hawa nan ko daga ciki ko daga waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rubuta duk abin da ka gani a littafi da kwanan wata ka kai wa firinsifal ya sa hannu, in an gyara alhamdulillahi, in ba a gyara ba ka sake rubutawa sati mai zuwa, ka yi ta rubutawa har su gaji da kai.

Ga wata dabara da wani tsohon mafarauci ya koya min kuma na yi amfani da ita har na yi ritaya. Da la'asar sakaliya ka ɗauki tsintsiyar kwakwa ka share rairayin gindin katanga a wuraren da kake zargi, faɗin taku biyu, ya yi lumui. Da asuba kafin yara su fito ka je ka duba. Ƙasar Sakkwato ba ta ɓoye sawu. Za ka ga na akuya, na kare, na silifas ɗin yarinya, in kuma ka ga sawun takalmin ƙato ya shigo ya koma, ko ka leƙa ta waje ka ga tayar babur ta zo ta tsaya ta juya ga guntun sigari a wurin, to wani na zuwa nazarin makarantar, ranar nan kar ka kwana da maganar a cikinka.

Shi kuma sintirin dare, babban kuskure shi ne a yi masa lokaci. In kullum sha biyu kake fita ka bi ta dama ka dawo ta hagu, cikin kwana uku mai leƙenku ya haddace ka. Yau fita sha ɗaya da kwata, ka dawo ka zauna minti ashirin ka sake fita, gobe ka fara ta kicin, jibi ka je rabi ka juyo. Tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa kiran assalatu nan ne barci ke kama kowa, to nan ne ya kamata ƙafarka ta fi yawo. Kar ka riƙa tafiya da tocila a kunne kamar mai neman akuyar da ta ɓata, mai tocila shi ake gani, shi bai ganin kowa. Kashe ta, tsaya jikin bango ko gindin icce minti biyar har idonka ya saba da duhu, ka saurara. Dare na magana in ka yi shiru: karnukan ƙauye sun fara haushi gefe guda suna miƙa wa juna, tsuntsaye sun tashi daga icce babu dalili, ƙarar babura daga nesa sai ka ji an kashe su lokaci guda. Ita waya kuwa aje ta aljihu, minti ɗaya kana kallon TikTok idonka ya mutu, in ka sa iyafis a kunne kuma to makarantar ba ta da maigadi a daren nan.

Kowane lokaci da nasa. Da damina gero da dawa na tasowa har su fi mutum tsawo, a Agusta da Satumba gonar nan da kake faɗi mutum hamsin za su kwanta ciki ba ka sani ba, saboda haka a zauna da mai gonar tun kafin shuka a roƙe shi ya bar fili jikin katanga ko ya sa wake ko gyaɗa a wurin, ko da makaranta za ta ba shi wani abu. Ciyawar ciki a sare ta, ka kuma sa takalmi sau-ciki don gobe-da-nisa da kunama ba su san yunifom ba. Da hunturu hazo na rage gani, ga sanyi sai mutum ya naɗe kunnuwa da rawani ya hura wuta ya zauna gabanta, to wanda ke gaban wuta bai ganin taku goma a bayanta. Da bazara kuma, Afrilu da Mayu da zafin garin nan ke haura digiri 40, yara na fitowa su kwanta waje, dole ka san ina da ina suke kwance a daren.

Abin da za ka roƙa a ba ka ba mai tsada ba ne. Usur a wuyan kowane maigadi. Tsohon wilin mota a rataye kusa da hostel da wani bakin get, da ƙarfen bugawa a ɗaure jiki. Waya mai caji da kati, layi biyu, da lambar dipio na yankinku da ta sibil difens da ta shugaban 'yan banga da ta mai unguwa a rubuce jikin bangon ɗakin gadi da manyan baƙi, don ranar da abu ya faru hannu na rawa ba ka iya neman suna cikin waya. Akwai kuma 112, lambar kiran gaggawa ta ƙasa. In hali ya yi a sayo oba-oba, wato rediyon magana irin na jami'an tsaro, ko guda biyu, ka tuna a 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, waya ba kullum take tare da kai ba. Sannan ku zauna da hukumar makaranta ku tsaida bugun gobara daban, bugun 'yan bindiga daban, a gwada da yara da rana ko sau ɗaya a zango, kowace yarinya ta san ina za ta nufa in ta ji wanne.

Da dare kar ka buɗe get don ka ga kaki. A Chibok a 2014 mutanen da sunka kwashi 'yan mata 276 cikin kayan soja sunka zo suna cewa sun zo ba su kariya. Duk wanda ya zo, yi masa magana ta bayan ƙofa cikin ladabi, kira dipio ko firinsifal su tabbatar. Jami'in gaskiya ba zai yi fushi da wannan ba.

Maganar dattijon nan, kar ka kai ƙararsa tukuna kuma kar ka yi masa tsawa, sa'an mahaifinka ne. Kawo masa goro ka ce Baba ni baƙo ne a wurin nan, taso ka nuna min inda ɓarayi sunka taɓa shigowa. Za ka sha mamakin abin da ya sani. Daga nan ku yi yarjejeniya, in kai ka fita zagaye shi yana zaune a farke bakin get da usur, in ka wuce minti ashirin bai ji ka ba ya busa. In ya ƙi har bayan haka to sai ka gaya wa shugabanku, rayukan ɗiyan mutane sun fi kunyar da ke tsakaninku. Ban ce ka aje aikin ba ɗana, amma in ka rubuta ka roƙa wata da watanni ko usur an ƙi saya maka, to ka fara neman wani wuri, kuma ka gaya musu dalili a rubuce ranar da za ka tafi.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Raina a ɓace yake. Ɗiyata na aji uku firamare a wata makarantar kuɗi nan Mabera, shekaranjiya na makale asibiti sai na tura ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya ɗauko ta, maigadi ya hana, yarinya na cewa kawuna ne tana kuka amma yace sai an kira ni, ni kuma wayata ta mutu, ɗiyata ta zauna har kusan la'asar ba ta ci abinci ba. Wannan ba wulaƙanci ba ne? Ina son in sa a kore shi. Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ya ba mai jiki lafiya. Na san zafin ganin ɗiya da yunwa. Amma ina roƙonki don Allah kar ki sa a kori bawan Allahn nan, ni da ɗiyata ce a makarantar da na ƙara kwanciyar hankali.

Ki duba ta wajensa. Bai taɓa ganin ƙanenki ba. Yarinya 'yar aji uku duk namijin da ke zuwa gidanku kawu ne a wurinta, maƙwabci kawu, tsohon direban gida kawu, yaron shagon babanta kawu. Kuma satar yaro a cikin gari ba kasafai baƙo ke yin ta ba, sai da ɗan gari kan ci gari, wanda yaro ya sani ya saki jiki da shi shi ne ke iya kama hannunsa ya fita da shi ba kuka. Ga kuma rigimar aure, uba da uwa sun rabu wani ɓangare ya turo a ɗauke yaro a ɓoye, na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Ranar da maigadi ya saki yarinya ga wanda bai dace ba, ke ce ta farko da za ki shaƙe wuyan rigarsa.

Inda anka yi kuskure shi ne barin ta da yunwa, kuma wannan na makaranta ne. Ya kamata a kai ta ofis a zaunar da ita wurin malama a ba ta ko biskit da ruwa, a nemi lambar babanta. Ki je ki same su kan wannan. Ki ba su lambobi uku, ki kai ƙanen naki da kanki ki nuna shi a rubuta sunansa a aje hotonsa, haka mai agwagwa da buje ko ɗan kabu-kabun da ke ɗauko ta, kuma in kin canza shi ki sanar ranar. In makarantar ba ta da katin ɗaukar yara ki kawo maganar a taron iyaye da malamai. Shi kuma maigadin in kin wuce ki ce masa sannu da aiki, ba ki san irin zagin da yake sha a get ɗin nan kullum ba kan abin da shi anka ce ya yi.

TAMBAYA: Baba ni metiron ce a makarantar kwana. Saboda halin da ake ciki muna kulle hostel da kwaɗo ta waje bayan firef, makulli na wurin wani malami da ke kwatas. Wani sabon sikiriti yace hakan haɗari ne. Ya kake gani?

AMSA: 'Yata, sikiritin nan ya yi gaskiya, kuma ina roƙonki da girman Allah ku canza wannan tun daren yau.

Duk shekarun da na yi ina gadi 'yan bindiga ba su taɓa shigo mana ba, Allah ya tsare, amma wuta ta taɓa tashi. Wani dare cikin hunturu wajen ƙarfe uku ina bayan hostel na tsaya ina saurare sai hancina ya jiyo ƙaurin roba. Na bi shi har tagar wani ɗaki, na haska, ashe wata yarinya ce ta sa hita cikin bokitin roba tun da wuta ba ta nan ta manta ba ta cire ba, Nepa sunka kawo wuta cikin dare, ruwan ya ƙone, bokitin ya narke ya kama gefen katifa. Yara fiye da talatin na barci a ɗakin, tagogi duk da ƙarfe, hayaƙi ya fara taruwa sama. Abin da ya cece mu makulli na wuyan metiron kuma ɗakinta na manne da nasu, kafin in gama busa usur ta buɗe. Har yau in na tuna cewa da makullin nan na kwatas ne sai jikina ya yi sanyi. Katifar soso ba ta jira, kuma hayaƙinta ke kada yara tun wuta ba ta kai gare su ba.

In dole sai an kulle, a kulle ta ciki, babba na kwana tare da su da makulli a jikinta, wani makullin na wurin mai dutin dare. Kowane dogon ɗaki ya samu ƙofa biyu, kuma ko taga ɗaya a yi mata ƙarfe mai buɗewa. A aje bokitan yashi bakin kowace ƙofa, tukunyar kashe gobara a duba kwanan watanta don da yawa ado ne kawai a bango, a kira 'yan kwana-kwana su zo su nuna wa manyan ɗalibai yadda ake amfani da ita. Gobarar da ta tashi daga lantarki ba a zuba mata ruwa sai an kashe layi, saboda haka kowane maigadi ya san inda babban makunnin yake ko cikin duhu. Hita da kyandir da maganin sauro na kunnawa kusa da gidan sauro, ki yi ta bincike ba sani ba sabo. Kuma ki riƙa ƙirga yaranki kowane dare ki ba mai duti adadin a rubuce, in an fito da gudu ta haka ne za a san ko saura wata a ciki.

TAMBAYA: Malam mun kama wani yaro ya hauro yana kwance batirin sola na makaranta, abokan aikina sunka ɗaure shi sunka yi masa duka sosai kafin safe. Yanzu iyayensa sun kai mu ƙara. Mu da anka yi wa sata mu ne masu laifi?

AMSA: Ƙanena, kama shi da kunka yi daidai ne, doka ta ba kowa damar kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma da sharaɗin a miƙa shi ga 'yan sanda ba ɓata lokaci. Dukan kuwa laifi ne mai zaman kansa, kuma da yaron ya mutu hannunku da yanzu maganar kisan kai ake, ba mai tuna batir. Wanda ya riga ya shiga hannu an ɗaure shi, dukan mi ake masa? Addini ma bai ba ku wannan ba, hukunci na alƙali ne.

Ku nemi lauya, ku faɗi gaskiya, hukumar makaranta ta shigo a nemi sulhu ta hannun mai unguwa a biya kuɗin magani, ita kuma maganar sata ta bi hanyarta. Nan gaba in kun kama mutum ku zaunar da shi inda akwai haske, ku ɗauki hotonsa da kayan, ku rubuta lokaci, ku kira 'yan sanda nan take, kuma ku hana ɗalibai da mutanen unguwa taruwa kansa don taro ba shi da birki. Sannan ku tambayi kanku yadda anka yi ya san inda batirin yake da lokacin da ba kowa wurin.

TAMBAYA: Baba kamfani ne ya kawo mu gadin wata makaranta, dubu talatin ake ba mu a wata, wani lokaci in wuni in kwana in abokin aiki bai zo ba. Ina da bindigar toka ta gado a gida, in riƙa zuwa da ita? Kuma ina za mu kai kukanmu kan albashi?

AMSA: Ɗana bar bindigar nan inda take. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, ita kanta ta toka sai da lasisi, kuma cikin yara kake aiki, rana ɗaya ka jingine ta ka shiga bayi wani ɗan aji ɗaya ya ɗauka. Ga shi harbi ɗaya take yi, ka harba ka nuna musu inda kake. Masu bindiga su ne 'yan sanda da soja da sibil difens, ga kuma askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2024 don taimaka musu a yankunan da abin ya fi ƙamari. Abin da ya kamata shi ne mai makarantar ya saba da su tun lafiya lau, su san hanyar makarantar, su san get, su riƙa leƙowa. Hukumar sibil difens na da cibiyar kula da tsaron makarantu da anka buɗe a Abuja a 2023 kuma ana son makarantu su yi rajista da ita, ka tambayi firinsifal ko sun yi, in bai sani ba ya je ofishinsu na jiha.

Maganar albashi kuwa ita ce ke ci min rai a wanga aiki. Tun Yuli 2024 mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa naira 70,000 ne, duk da dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, amma kamfanin gadi da ke da mutane makarantu da bankuna da gidaje da wuya a ce bai kai haka ba. Sau da yawa makaranta na biyan kamfani kuɗi mai kauri kan kowane mutum, abin da ke isowa hannun maigadi bai kai rabi ba. Ku haɗu ku duka ku rubuta takarda cikin ladabi ku kai wa kamfanin ku aje kwafi, kar mutum ɗaya ya je shi kaɗai a sallame shi. In ba su saurare ku ba akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a jiha, akwai kuma sashen sibil difens da ke kula da kamfanonin gadi, lasisinsu ta hannun hukumar yake bi. Ku nemi takardar ɗaukar aiki in ba a ba ku ba, ku tambaya ko an yi muku rajistar inshorar rauni a bakin aiki.

Ku kuma masu makarantu, na san kuna karanta wanga zaure. Mutumin da ya wuni tsaye cikin ranar Sakkwato kuma kunka ce ya kwana, wallahi barci zai yi, ko waliyyi ne. Wanda kuma kunka bari da dubu talatin ga mata ga ɗiya ga haya, ranar da wani ya zo masa da dubu hamsin yace gaya min ƙarfe nawa ake kashe janareta, ɗiyan wane da wane ke wane ɗaki, kun jefa shi cikin jarrabawar da bai kamata ku jefa shi ba. Na ga makarantar da ta kashe kuɗi ta jera kyamarori amma ba mai kallon allon da dare, kuma in an ɗauke wuta duk su mutu, alhali masu gadinta biyu ne kuma wata biyu ba a biya su ba. Ku ƙara mutum na uku a dutin dare, ku ba su ranar hutu, ku sa su cikin abincin makaranta, ku saya musu rigar sanyi kafin Disamba.

Kai kuma ɗana, kafin a gyara, duk ranar da anka ce ka zarce bayan ka wuni, rubuta a littafin duti cewa awa 24 ka yi kuma kai kaɗai ne, ka sa wani malami ya sa hannu, ka kuma kira shugabanku a waya tun kafin magariba ya turo wani.